Kafin Ki Biya A Ƙawata Miki Shafin Sana'arki

Na san kin saba in zo miki da zancen zazzaɓin yara ko rigakafi ko abincin mai shayarwa. Yau ki yi mini uzuri, zan ɗan ratse, domin abin da ya sami ƙanwata gab da sallar da ta wuce ya tsaya mini a rai, kuma na tabbata cikin masu karanta wannan fili akwai da dama da ke shirin faɗawa ramin da ta faɗa.

Ƙanwar tawa tana sana'ar turaren wuta da humra da kulacca, daga baya ta ƙara da atamfofi da lesuka. Da WhatsApp ta fara, kamar kowa. Da Allah ya sa wa abin albarka, sai aka ba ta shawarar ta buɗe shafin intanet nata na kanta, wai ya fi kwarjini, kuma masu saye daga nesa sun fi sakin jiki da mai shafi. Ta kwashi adashenta ta ba wani matashi ya gina mata. Ranar da ya gama ina aikin dare. Wajen ƙarfe biyu, da ɗaki ya lafa, na zauna na duba waya, sai ga saƙonta: "Yaya, buɗe ki sha kallo."

Na taɓa. Fuskar waya ta yi baƙi, wani fure mai ruwan zinare ya fito yana juyawa a tsakiya. Na jira. Na tashi na duba ƙarin ruwan wata mara lafiya na dawo, furen na nan yana juyi. Can sai labule ya yaye, hayaƙin turare ya turnuƙe, sunanta ya riƙa saukowa harafi bayan harafi. Kyau kam ba a magana. Na taɓa wajen atamfofi, shafin ya naɗe kamar tabarma, wani ya warware a madadinsa, amma babu hoto ko ɗaya, sai fararen akwatuna a jere. Abin da na shiga nema shi ne kuɗin wata atamfa da abokiyar aikina ta gani ta yaba. Ban gan shi ba. Da gari ya waye na kira ta na tambaya da baki.

Bari in fara da abin da ni ma ban sani ba sai da wannan ya faru. Shafin intanet ba a iska yake zaune ba. Yana ajiye ne a cikin kwamfutar wani kamfani, wadda ba a kashe ta dare da rana, mai shafi kuma haya take biya, kamar yadda ake kama rumfa a kasuwa. Duk sa'ad da kika taɓa adireshin, sai an kwaso abin da idonki zai gani, da rubutu da hoto da bidiyo da umarnin da ke sa abubuwa motsi, an kawo shi cikin wayarki. Wannan dakon mutum biyu ne ke biyan kuɗinsa. Ke mai kallo kina biya da datarki. Ita kuma mai shafi ana lissafa mata yawan kayan da aka fitar daga rumfarta a kowane wata, shi ne abin da za ki ga an rubuta Bandwidth a jerin farashin kamfanonin da ke ba da hayar. Akwai biya na uku da ba ya shiga rasit, wato lokacin da mai saye ta ɓata tana kallon fure na juyawa, ga tukunya a wuta, ga yaro na ja mata zani.

Kayan kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Rubutu kusan ba shi da nauyi. Wannan da kike karantawa, daga farko har ƙarshe, bai kai kilobait 20 ba, alhali sai an tara kilobait 1,000 ake samun megabait ɗaya. Amma hoto guda da aka ɗauka da waya mai kyau, in ba a rage shi ba, yakan kai megabait 3 zuwa 5. Kin ga hoton atamfa ɗaya ya ɗauke nauyin rubutu irin wannan sama da 150. Bidiyo kuwa ba a maganarsa. Akwai wata ƙungiya mai suna HTTP Archive da ke auna miliyoyin shafuka a duniya, rahotonta na 2022 ya nuna matsakaicin shafi a waya yana kai kimanin megabait 2, kuma masana na kukan cewa hakan ma ya yi yawa. Shafin farko na ƙanwata, da muka auna daga baya, megabait 14 ne. Hayaƙin nan da ya burge mu shi kaɗai ya cinye 9.

Kada ki ɗauka duk wani motsi a shafi ne ke shan data. Adon iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin maganin. Na farko ɗan gajeren umarni ne ake rubuta wa waya: wannan ya dushe, wancan ya fito a hankali, maɓalli ya sauya launi in an taɓa shi. Layi kaɗan ne, wayar ce da kanta ke yin aikin, ba a ɗauko komai mai nauyi daga waje. Masu sana'ar suna kiran sa CSS. Tun 2023 ma manhajar Chrome ta zo da hanyarta ta sauya shafi zuwa shafi cikin laushi ba tare da an jibga wani kaya ba. Na biyu shi ne wanda ake yi da bidiyo, ko hoton nan mai motsi da ake kira GIF, wanda sau da yawa ya fi bidiyon kansa nauyi, ko kuma da tarin umarnin JavaScript da ake saukowa da shi dunƙule. Yawancin matasanmu shiryayyen zane suke saye ko su samu kyauta su sauya suna da launi. Irin wannan zanen yakan zo da salon motsi iri-iri masu yawa, kuma ko uku kawai aka yi amfani da su, wayar mai kallo na iya sauke dukansu.

Akwai wata dabara a cikin naɗewar tabarmar nan da ta fi ba ni haushi da na gane ta. Don kada motsin ya sarƙe a tsakiya, an tsara shafin ya riƙa saukar da sauran shafukan tun kafin ki taɓa su. Kina kallon turare, shi kuma a ɓoye yana jawo lesuka da atamfofi da humra, ko za ki buɗe ko ba za ki buɗe ba. Kamar a dafa wa baƙuwa tukunya biyar don ba a san wadda za ta zaɓa ba, sannan a miƙa mata lissafin cefanen duka biyar. A inda intanet ke da arha da sauri dabara ce mai kyau, shi ya sa aka ƙirƙiro ta. A wajenmu kuwa, inda mace ke sayen datar kwana ɗaya tana lallaɓa ta, zalunci ne ba da niyya ba.

Bayan data akwai ƙarfin wayar. Umarnin nan ba saukowa kawai yake yi ba, sai wayar ta karanta shi ta aiwatar kafin ta nuna miki komai. Yawancin masu saye a wajen ƙanwata ƙananan Tecno da itel da Infinix ne a hannunsu, wasu sun shekara uku ko huɗu, cike da hotunan biki da karatuttukan murya na zaurukan WhatsApp. Abin da kwamfutar cinya ke gamawa kafin ƙiftawar ido, irin wannan waya sai ta yi ta nishi tana zafi. Shi kuma maginin a kwamfutarsa yake gwadawa, da intanet mai ƙarfi, kuma tun da ya buɗe shafin sau ɗari, kwamfutar ta riga ta adana hotunan a cikinta, ba ta sake ɗauko su. Saboda haka da ya rantse wa ƙanwata cewa nan take yake buɗewa, ba ƙarya ya yi ba. A wajensa nan take yake buɗewa.

Wannan rigimar ta ado da sauri ta girme wa wayoyin hannunmu. A farkon shekarun 2000 kamfanoni sun yi yayin sa wani ɗan fim a ƙofar shafinsu da manhajar Flash, har sai da ya zama dole a riƙa maƙala maɓallin tsallakewa a gefe, don mutane sun gaji. A 2010 Steve Jobs na kamfanin Apple ya fito fili ya ce Flash ba za ta shiga iPhone ba, cikin dalilansa har da cin batir, kuma a ƙarshen 2020 kamfanin Adobe mai ita ya yi mata ritaya gaba ɗaya. Labulen ƙanwata jikan wancan fim ɗin ne, ya sake riga kawai.

A 2016 Google ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna juyawa in ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Na yarda mu nan mun fi haka haƙuri, don sabis ya koya mana. Amma haƙurin namu ma yana da iyaka, musamman tun watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Yanzu mace na ganin abu na juyawa, lissafin da ke zuwa mata shi ne nawa yake ci. Kuma wadda ta fita ba za ta turo miki saƙo ta ce shafinki ya yi nauyi ba. Za ta koma wajen wadda ta sa hoto da farashi a sitatus ta saya, ke kina zaune kina cewa kasuwa ta yi sanyi.

Yanzu bari in sa farar rigata, don akwai ɓangaren da ya shafi lafiya, kuma ba kasafai masu gina shafuka ke tuna shi ba. A can cikin kunnenki akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kina tsaye ko kina motsi. Idan ido ya ce duniya na juyawa, kunne kuma ya ce a zaune kike, saɓanin nan ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Shi ne abin da ke sa wasu amai a mota. Shafin da ke zuƙowa yana ja da baya, ko bangonsa na tafiya daban rubutunsa na tafiya daban, yana iya tayar da wannan ga masu ciwon ɓarin kai, da masu matsalar jiri, da mai laulayi wadda da ma ƙiris take jira. Ba ƙage ba ne. A 2013, da Apple ya fito da tsarin iOS 7 mai yawan zuƙowa da shawagi, mutane da yawa sun yi ƙorafin jiri, har kamfanin ya faɗaɗa maɓallin rage motsi a wayoyinsa.

Walƙiya ta fi wannan haɗari. Ranar 16 ga Disamba 1997 wani gidan talabijin a Japan ya nuna wani kashi na zanen yara na Pokémon mai ɗauke da walƙiyar ja da shuɗi da sauri, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti, wasu da jijjiga. Cikin masu farfaɗiya akwai kaɗan da hasken da ke ƙyaftawa ke tayar musu da ciwon, kuma ya fi yawa a yara da matasa. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta shimfiɗa wa masu gina shafuka suka hana abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya, suka kuma ce duk abin da ya fara motsi da kansa ya wuce daƙiƙa 5 a ba mai kallo hanyar tsayar da shi. Ki tuna wayar uwa ba tata ba ce ita kaɗai. Rabin yini tana hannun yara.

In kina cikin masu jin jiri, ko da ba ki da shafi, ga abin yi. A wayar Android ki shiga Settings, ki nemi Accessibility, a ciki akwai Remove animations, wurinsa yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya. A iPhone sunansa Reduce Motion. Shafin da aka gina da kula yana gane kin kunna wannan, sai ya daina rawar. Wanda ba a gina da kula ba zai ci gaba da abinsa, kuma wannan na cikin tambayoyin da za ki yi wa mai gina miki.

Mu koma kan kuɗi, inda ƙanwata ta sha wuya. Hayar da aka kama mata mai gigabait 10 ce a wata, wato megabait 10,000. Ki raba da 14. Baƙi 700 da 'yan kai ne za su buɗe shafin farko kason watan ya ƙare, tun ba a sa lissafin tukwane biyar ɗin nan ba. A watannin farko ba ta lura ba, don masu shiga ba su da yawa. Ana saura kwana goma salla ta biya wani shafin Instagram mai ɗimbin mabiya ya tallata ta. Jama'a suka yi caa. A yammacin kwana na biyu duk wadda ta taɓa adireshin sai ta ga farin allo da rubutun Turanci, Bandwidth Limit Exceeded, ma'ana an rufe rumfa, kaso ya ƙare. Maginin ya tafi ƙauyensu, waya ba ta shiga. Kwana biyu cur shafin na rufe, a makon da ya fi kowane mako ciniki a shekara, tallar da ta biya kuma tana ta tura mutane ƙofar da aka garƙame. Ranar ta kira ni tana kuka, ni kuma ban da "ki yi haƙuri" ba abin da na iya ce mata.

Da nauyin shafin megabait ɗaya ne, wannan hayar dai za ta ɗauki buɗewa 10,000. Kuɗi ɗaya, kamfani ɗaya.

Za ki ga wasu kamfanonin sun rubuta Unlimited, wai ba iyaka. Ki sa a karanta miki ƙananan rubutun sharuɗɗan. Kwamfuta ɗaya ce ake raba wa masu haya da yawa, kamar gidan haya mai famfo ɗaya, kuma duk wadda ta fiye jan ruwa za a rage mata ƙarfi ko a ce ta koma ɗaki mai tsada. Ki kuma tambayi kuɗin sabuntawa, don sau da yawa na shekarar farko rangwame ne, na shekara ta biyu shi ne na gaskiya. Sannan ki san da wane kuɗi ake biya. Waɗanda hayarsu ta dala ce sun ji a jikinsu bayan watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, domin cikin 'yan watanni abin da suke biya ya ninka fiye da sau biyu ba tare da an ƙara musu komai ba.

Duk da haka ba zan ce miki a yi shafi fayau kamar takardar magani ba. Mai sayen humra da ido take fara saye. A zamanin da 'yan damfara suka cika intanet, shafi mai tsabta da tsari yana sa mace ta ji hankalinta ya kwanta kafin ta tura kuɗinta ga wadda ba ta taɓa gani ba. Kuma akwai motsin da aiki yake yi. Idan kika taɓa maɓallin biya bai nuna alamar ya ji ba, me za ki yi? Sake taɓawa za ki yi, wataƙila a cire miki sau biyu. Ɗan sauya launi ko ƙaramar alamar jira a nan wajibi ce. Haka in kin jefa kaya a kwando lambar ta ɗan motsa, kin san ya shiga. Mu a asibiti duk abin da ke ƙyaftawa ko ƙara a jikin na'ura yana da ma'ana, shi ya sa muke waiwaya. Ranar da komai na ɗakin ya koma yana ƙara, ranar ce ake kasa jin na gaske.

Tsawon motsin ma abin dubawa ne. Wani masanin yadda mutane ke mu'amala da kwamfuta, Jakob Nielsen, ya rubuta tun 1993 cewa abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum na jin sa nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse masa tunani, amma in an kai daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. Sauyin shafi mai kyau bai kamata ya wuce sulusin daƙiƙa ba. Tabarmar ƙanwata daƙiƙa ɗaya da rabi take ɗauka kafin ta gama naɗewa. A karon farko abin sha'awa ne. Wadda ke son duba atamfa 20 kuwa ta ba da rabin minti tana kallon tabarma, ko da sabis ɗinta ya fi na kowa ƙarfi.

Bayan salla muka zauna da yaron a falon ƙanwata. Na zo da faɗa a bakina, amma ya riga ni. Ya ce, "Anti, wallahi ita ta ce in yi mata wanda ya fi na kowa kyau. Har shafin wani kamfanin turare na Faransa ta nuna mini ta ce irinsa take so." Na dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Gaskiyarsa ce. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, irin waɗancan kamfanonin suna da ma'aikata na musamman da ke matse kowane hoto, suna da rumbuna a ƙasashe da yawa, masu sayensu kuma ba sa lissafin megabait. Na ba shi tsohuwar wayar da yaranta ke wasa da ita na ce ya buɗe aikinsa. Ya riƙe ta yana kallon furensa na juyawa, har ya fara dariya da kansa.

Gyaran bai kai mako ba, kuma bai ci wani kuɗin kirki ba. Bidiyon hayaƙi ya fita, aka sa hoto guda mai kyau na kasko da turare. Hotunan kaya aka rage faɗinsu daidai fuskar waya, aka mayar da su tsarin WebP, wanda Google ya fito da shi a 2010, mai riƙe kyan hoto da ƙaramin nauyi. Akwai shafin kyauta mai suna Squoosh da ke wannan aikin, ke ma za ki iya da wayarki. A nan mun ɗan yi gardama, kuma ƙanwata ce ta yi nasara: ta ce mai sayen leshi sai ta ga zare da ainihin launi, in aka matse hoto ya dushe za a dawo mata da kaya a ce ba shi aka gani ba. Sai aka raba. A jeri ƙananan hotuna ne marasa nauyi, wadda ta ga wanda ya kwanta mata ta taɓa, sannan babban ya sauko. Ita ta zaɓa, ita ta san ta kashe datarta a kan abin da take so. Aka kuma saita hotunan ƙasa kada su sauko sai mai kallo ta gangaro wajensu. Aka kashe dabarar tukunya biyar. Bidiyon yadda ake turara kaya aka mayar da shi YouTube aka bar mahaɗi, nauyinsa ya tashi daga kan hayarta. A ƙarshe ya haɗa shafin da Cloudflare, wani kamfani da ke ajiye kwafin hotuna a rumbunansa na kusa da masu kallo, kuma yana da tsari na kyauta. Shafin farko ya dawo ƙasa da megabait ɗaya.

In ana gina miki yanzu, kada ki biya cikon kuɗi sai kin gwada da kanki. Ki nemi PageSpeed Insights a Google, ki zuba adireshin shafin, ki duba sakamakon ɓangaren waya. Maki 90 zuwa sama kore ne, ƙasa da 50 ja ne, kuma ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ba sai kin fahimci sauran Turancin ba, launin ya ishe ki yin tambaya. Amma gwajin da na fi yarda da shi na gida ne. Ki ɗauki waya mafi rauni a gidan, wadda ba ta taɓa buɗe shafin ba, ki shiga ƙuryar ɗakin da sabis ya fi wahala, da daddare lokacin da kowa ke kan intanet. In kina Najeriya ki danna *323# ki ga ragowar datarki, ki nemi kaya uku da farashinsu kamar baƙuwa, ki ɗan jira, ki sake dannawa ki ga abin da ya tafi. Sannan ki tabbatar sunan shafin da hayar duk da sunanki da imel ɗinki aka yi rajistarsu, kuma lambobin sirrin na hannunki. Da ƙanwata na da su, da ta ƙara kason da kanta a daren, ba sai ta jira wani ya dawo daga ƙauye ba.

Wata za ta ce, to ni da ma sai na yi shafin? In kayanki ba su da yawa, masu sayenki kuma 'yan gari ne, manhajar WhatsApp Business tana da kundin kaya da ke ɗaukar har 500, da hoto da farashi, ba hayar da za ki biya. Ki fara da shi. Amfanin shafi na kanki shi ne naki ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, kuma kin san mata nawa aka rufe wa asusu rana tsaka ba bayani. Idan sana'a ta kai inda irin wannan zai girgiza gidanki, lokacin shafi ya yi.

Har yau ƙanwata na cewa na farkon ya fi kyau, ni kuma ba na musa mata, don ya fi. Ta sa yaron ya ɗauko mata labulen da hayaƙin ya mayar da su ɗan gajeren bidiyo, takan ɗora a sitatus ranar Juma'a, mai son kallo ta taɓa da hannunta. Abokiyar aikin nan tawa kuwa ta sayi atamfarta a sabon shafin, muna zaune a ɗakin hutu, kafin shayinta ya huce.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma bakin aiki, kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari daidai, da kuskuren da nake yawan gani wajen awonsa.